Wa Ya Kulle Tirelar?

Tirelar ta marigayi babansu ce. 'Yar ƙarama mai taya biyu da ake ja da mota, ta daɗe a bayan gida tana cin tsatsa. Ranar da Umma ta ce tana marmarin sake kwana a bakin tafkin da mijinta ke kai su lokacin 'ya'yanta suna yara, Tela da ƙanensa Auta suka ce an gama, za a gyara ta a ɗauki tantuna da ita.

Sai dai ba su taɓa zama sun yi shawara ba. Tela ya kai ta wurin mai walda, aka ɗaga bangonta, aka yi mata akwati a baya don jarkokin ruwa. Auta ya ɗauko ta, shi ma ya sa aka yi mata rumfar ƙarfe don katifu. Kullum Tela ya dawo daga shago sai ya tarar da sabon abu.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na tukunyar gas ne, Yaya. Ba kai ka ce ba?"

Tela bai tuna ya ce ba, amma ya bar zancen, wataƙila ya faɗa ya manta. Ya kuma lura babu sarƙar da ke riƙe tirela idan ƙugiya ta kuɓuce. Ya ɗauka Auta ne ya cire don ya sa sabuwa. Auta kuwa ya zaci Yaya ya san da zancen, tunda mai waldansa ne ya yanke ta lokacin aiki.

Safiyar tafiya gidan ya kacame. Yara na rigima kan wurin zama, matar Tela na neman murfin kula, Umma na tsokanar jikokinta wai duk wanda ya ji tsoron kwaɗi ba mijinta ba ne. Tela ya ɗora bakin tirelar a kan ƙugiyar motarsa, kafin ya kulle aka ce ya zo ya nemo maganin Umma. Da ya fito ya ga Auta tsugune a wurin yana goge hannu.

"Komai lafiya?"

"Lafiya lau."

Tela kulle tirelar yake nufi. Auta iskar taya ya duba.

Suka kama hanya, Tela a gaba da tirela, Auta na biye a tasa motar, Umma a gefensa. Suna hawan wani tudu motar ta faɗa rami, sai Tela ya ji ta yi sakayau. Ya kalli madubi, ya kasa gane abin da yake gani. Tirelarsa ce ke komawa baya ita kaɗai, katifu na rawa a samanta. Ta daki motar Auta daidai gefen Umma.

A asibiti likita ya ce ƙashin bayanta ya taɓu, da wuya ta sake takawa. Tela ya juya wurin Auta.

"Ba kai ka kulle ba? Na gan ka a wurin."

"Yaya, ai kai ka ɗora. Na ɗauka ka gama."

"To sarƙar fa?"

"Wace sarƙa? Ba kai ka sa aka cire ba?"

Suka tsaya suna kallon juna. Tela ya yi ta lalube a ƙwaƙwalwarsa ko zai tuna hannunsa a kan makullin. Wani lokaci ya ga kamar ya kulle, wani lokaci ya ga bai ko taɓa ba.

Da Umma ta farfaɗo, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Yaran ba su ji ciwo ba?"

"Ba abin da ya same su, Umma."

"To alhamdu lillahi. Me ya faru ne?"

Kowannensu ya ce ya ɗauka ɗan'uwansa ya kulle. Yanzu a keken guragu take, su biyun ke karɓa-karɓa wajen tura ta.

Jama'a, aikin da ya shafi rai ba a barin sa a kan "na ɗauka". Kafin ka ja kaya a bayan mota, duba da idonka, taɓa da hannunka, ka tambayi ɗan'uwanka dalla-dalla abin da ya yi da wanda ya bari.