Bencin Ƙofar Edita

Mashkura ce ke riƙe da littafin masu son ganin editan mujallar manoma a Wurno, ba mai shiga sai ta rubuta sunansa. Da Mudathir ya yi sallama ba ta ɗago ba, amma yatsunta sun tsaya cak a kan kwamfuta.

"Mi ke tahe da kai?"

"Aikin ɗaukar hoto da kunka yi cigiya." Ya rage murya. "Da ke kuma. Baffana ya sauko, ya yarda, Mashkura. Har yau ke nika so."

Sai ta dube shi. Bara waccan babanta ya shimfiɗa tabarmi a Marnona, ya yanka rago, yana jiran magabatan mutumin nan su zo neman aurenta. Tun hantsi har magariba ba wanda ya leƙo. Daga baya aka aiko cewa gidan malamai ba su ɗaukar ɗiyar mai albasa.

"Ran nan, ko waya ka yi?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta rubuta sunansa a tsanake, ta nuna masa benci. "Zamna, ina kiran ka."

Ya zauna da fara'a, takardunsa a cinya. Edita kuwa yana Goronyo, sai jibi zai dawo, ita da kanta ta shirya masa tafiyar.

Bayan la'asar ya matso. "Har yanzu bai shirya ba?"

Ta duba taga. "Da sauran rana. Baba sai da anka kira magariba yan naɗe tabarma."