Dutsen Hirar Mata

Da ruwan madatsa ya ja baya bana, kangon tsohon ƙauyenmu ya bayyana, sai kakata ta ce ko a goye ne sai an kai ta. Na hana, don ƙafafunta sun kumbura, ashe ta riga ta aika wa ƙawayenta biyu da suka rage.

Mai kwalekwale ya sauke mu cikin laka. Kaka na dogara sanda tana nuna mini: nan rijiya take, inda labari ke riga guga fitowa, can kuma kututturen bishiyar da maza ke sasanta rigima a gindinta. Ba ta tsaya ba sai a wani faffaɗan dutse, inda mata ke taruwa da yamma ana kitso ana hira.

Ita da ƙawayen nata suka share lakar da gefen zani, suka zauna, kowacce nesa da 'yar'uwarta.

Na yi dariya. "Kaka, faɗa kuka yi? Ku matso mana, ga wuri nan."

"Wane wuri?" in ji ta. "Nan na mai kitso ne, nan na ungozoma, can na uwar surutu. Don sun rasu sai mu zaune musu?"

Na tsaya riƙe da takalmana, na rasa inda zan raɓa. Sai ta dafa dutsen kusa da ita.

"Zo nan, na marigayiya uwarki ne. Ranar da aka tashe mu da cikinki ta zauna, ke ma kina da gado."