Gam Mai Riƙo da Saki

Tunda ka ce duk abin da bai yi maka kama da mai ƙarfi ba ba ka ko ɓata lokacinka a kansa, gyara zama in ba ka labarin wani mai yin alluna.

A bakin wata kasuwa mai ci ranar Laraba akwai wani dattijo da ya shekara talatin yana yi wa shaguna allo. Da fenti da buroshi ya fara. Da zamani ya zo da hotunan da ake bugawa a inji, sai ya koma manna su a jikin allon ƙarfe, kuma abin alfaharinsa shi ne gam ɗinsa: abin da ya manna ya mannu ke nan, sai dai a sa wuƙa a kankare. Cikin masu kawo masa aiki akwai wata mata mai sayar da iri. Yawancin manoman da ke zuwa wurinta hoto suke bi, ba rubutu ba. In sun hango zangarniyar gero a allonta sun san irin damina ya iso, in suka ga albasa da tumatir sun san na lambu ne. Saboda haka sau uku take sauya hoto a shekara, sau uku kuma dattijon yake durƙusawa yana kankara, har allon ya yi tabo-tabo kamar gindin tukunya, tsatsa ta fara cin gefensa. Tsohon hoton kuwa a yayyage yake fita, ko ƙunshin gyaɗa ba ya yi. Ran nan matar ta gaya masa gaskiya, cikin ladabi, cewa in haka za a ci gaba, bana birni za ta kai aikinta.

Ana haka sai wani direba da ke jigila zuwa birni ya zo da gwangwani biyu na wani sabon gam. Ya ce masu alluna a can sun ce yana riƙewa, in kuma aka ja a hankali ya saki, a sake mannawa. Ɗaya ya ba dattijon, ɗaya ya ba abokin sana'arsa na tsallaken titi. Shi na tsallake bai tsaya wata-wata ba, a ranar ya shafa shi a allon wani mai kemis ya manna ƙaton hoto, ya kaɗe hannu ya tafi. Dattijon kuwa ya buɗe nasa ya tsoma yatsa, ya ji danƙonsa bai fi na ɗanyen ƙaro ba, har ya ɗaga hannu zai tura shi ƙarƙashin benci. Amma tambaya ɗaya ta hana shi sakat: abin da ya iya saki, yaya aka yi ya iya riƙo? Sai ya yayyanka tsofaffin hotuna kamar faɗin tafin hannu, ya mammanna su a guntayen ƙarfe. Ɗaya ya rataye inda ranar yamma ke duka, ɗaya ƙarƙashin indararon masallaci inda yake watsa masa ruwan buta, ɗaya a bayan rumfar mai tuwo inda hayaƙi da maiƙo ke sauka, na ƙarshe ya ɗaure a bakin tasha inda motoci ke tayar da ƙura. Kowace safiya kafin ya karya sai ya zagaya su, ya tsuguna, ya sa farce ya ɗan ɗaga gefe. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Na rana bai motsa ba, na ruwa ma haka. Na bayan rumfar tuwo ya naɗe baki a kwana na huɗu, na tasha kuwa da ya ɗaye shi ya mayar, sai ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya juya bayansa, ya ga ƙura ce ta rufe danƙon. Ya goga masa jiƙaƙƙen tsumma, ya bari ya sha iska, ya manna, sai ga shi ya kama kamar sabo. Nan ya gane gam ɗin ba ya tsoron rana, ba ya tsoron ruwa, datti ne kawai abokin gabarsa.

Ya roƙi mai iri ta ƙara ba shi dama ɗaya. Ya goge allonta, ya yi masa sabon fenti mai santsi, ya jira kwana uku ya bushe, ya wanke shi tas, sannan ya ɗora hoton gero yana bin sa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Laraba ta biyu, da hantsi, kasuwa ta cika, hadarin farko ya taso da iska mai ɗage rumfuna. Hoton mai kemis, da aka manna a kan ƙura, ya tashi sama kamar zanin shanya, sai a kara aka tsinto shi tsakanin ƙafafun shanu. Na mai iri ko gezau. Da ruwa ya ɗauke, manoma suka yi layi a ƙarƙashin zangarniyar nan suna ɗiga.

Da kaka ta yi, dattijon ya zo zai sauya mata hoto, ta ce, “Baba, bari in gwada da hannuna.” Ta kama kusurwa ta ja a hankali, hoton ya biyo ta lafiya lau, ta naɗe shi kamar tabarma ta ajiye wa baɗi.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.