Afuwar Gwamna Ba Ta Iso Gonar Baba Ba

"To ai an wanke ni, Rahab," in ji Habila. "Gwamna ya yi mini afuwa, kotu a Funtuwa ta goge sunana. A wurin hukuma, kamar ban taɓa kwana gidan yari ba."

Rahab ba ta ɗago ba, ta ci gaba da cirar auduga tana turawa a buhu. Shekara biyu ya yi a ɗaure kan faɗan iyakar gona, ita kuwa ta jira shi, ƙawayenta na yi mata dariya.

"Shi ya sa zan kira samari mu yi wa Baba gayya ran Asabar, mu kwashe audugar nan, kowa ya san ni ne surukin."

"Wa zai zo?" ta ce a hankali. "Mutum nawa za su amsa gayyar Fursuna a garin nan?"

Habila bai taɓa jin wannan suna a bakinta ba.

"Ba ni na raɗa maka ba," ta ce. "Amma Baba ya ce hukuma ta goge nata, bakin mutane fa wa zai goge? Ya ce ba zai zauna yana ji ana kiran jikansa ɗan fursuna a kasuwar Malumfashi ba."

"Ke kuma me kika ce?"

Sai yanzu ta dube shi, idanunta sun yi ja.

"Akwai gayya a gonar nan ran Asabar, Habila. Ta Bitrus tela ce."

Ya miƙa hannu zai ɗora mata buhun. Ta cicciɓa da kanta, ta nufi wata kunya inda auduga ke jiranta.