Murfin Tukunyar Inna

Inna ta tsaya cak a gaban aikin, hawaye na bin kuncinta. Autanta ya hango ta daga bakin zauren baje kolin, gabansa na faɗuwa. Tun da ya fara haɗa tarkace yana kiransu fasaha take cewa ya koma ɗan bola. Yau ga ta tana kuka a gaban siffar macen da ya ƙera da tsofaffin kwanuka.

Ya matso a hankali. "Inna, kin gane ko? Matan unguwarmu ke nan, wahalarsu da haƙurinsu."

"Auta," ta ce, "wannan da ka yi mata fuska da shi, ina ka samo?"

"A bayan ɗakin girki. Na ɗauka yar da shi aka yi."

Ta dafe ƙirji. "Murfin tukunyata ne! Na ce maƙwabciya ce ta ara ta hana. Tun bara ba ma ga maciji, har ciwo ta yi ban leƙa ta ba!"

Sai ga maƙwabciyar tsaye a bayansu, ta riƙe haɓa. Inna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Yaya, ki yafe ni, na ɗauki alhakinki."

Maƙwabciyar ko kallonta ba ta yi ba, idonta na kan siffar.

"Dakata da neman gafarar tukuna," ta ce. "Kwanon da ya yi mata ciki da shi nawa ne. Ni ma duk unguwa na gaya wa ke kika ɗauke."