Fuskar da Ke Bayan Katin

Ta shigo shagonsa na buga takardu ba fara'a. Ya kashe inji, ya miƙa mata samfurin katin ɗaurin aurensu. Ba ta karɓa ba.

"Jiya ka tafa," ta ce.

"Muhawara ce fa a talabijin. Ɗan takararmu ya fi naku iya magana, ke ma kin gani."

"Ka tafa lokacin da ɗan takararku ya ce rushe tsohuwar kasuwa ci gaba ne. A falon Baba, yana zaune. Shekara talatin yana sayar da yadi a kasuwar nan."

Ya sunkuyar da kai. "Hannuna ne ya riga tunanina. Amma gari ba ya gyaruwa sai an taɓa wani."

Ta dube shi. "Da ka tsaya a maganar farko."

Sannan ta karɓi katin. Sunayensu sun fito da kyau. Da ta juya bayansa, sai ga rabin fuskar ɗan takarar da ya tafa wa yana murmushi. A kan ragowar fosta ya gwada bugun.

Ta ajiye katin a tebur, fuskar tana sama.

"Baba bai ce komai ba, ko abinci bai ci ba. Ni ce na fasa auren."