Mai Kitso da Hannun 'Yarta

Ka ce tun da aka yi wa ɗanka dashen ƙoda hannunsa ke rawa, har kana tunanin rage masa magani. To, gyara zama ka ji.

A tsohuwar unguwarmu an yi wata mai kitso, tana da 'ya guda da ta gaji hannunta. Da la'asar sukan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, uwa ta kama kan manya, 'ya ta kama na yara, ana hira ana ɓare gyaɗa. Tsagar da yarinyar nan ke yi da tsinke, sai ka rantse cewa da zare aka ja ta. Har daga ƙetaren kwalta ake kawo mata kitson sallah. Ana nan sai ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Uwar ta ba da tata guda aka dasa mata, aka sallamo su da ƙwayoyin da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda. Yarinya ta miƙe, kumatu suka ciko, amma maganin ya taɓa jijiya. Kai ya riƙa sara mata, barci ya ƙaurace mata, hannu ya kama karkarwa, ko tsinke ba ya tsayawa a yatsunta. Sai dai ta zauna gefe tana kallon kawunan ƙawayenta a cinyar wasu.

Abin ya riƙa cin uwar. Duk sanda la'asar ta yi sanyi, sai ta tuna tabarmar nan da dariyar 'yarta. Ba ta gaya wa likita ba, ta fara raba ƙwaya biyu, daga baya ta riƙa tsallake kwana. Hannu kuwa ya tsaya. Ranar da yarinya ta gama wa 'yar maƙwabta shuku, uwar ta yi guɗa har da hawaye. Ba a jima ba ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Likita ya auna jini, ya ce, "Baiwar Allah, da kin faɗa mana, da mun daidaita maganin ko mun sauya mata wani. Yanzu jiki ya ƙi ƙodar." Aka koma zaryar wankin ƙoda, uwar kuwa ba ta da wata da za ta bayar, har Allah ya karɓi abarsa. Matar nan har ta tsufa, in ta ga yarinya mai rawar hannu sai ta bi ta da ido, ta ce ina ma tata ce.

Gobe ka kai yaron wurin likitansa. Magabata sun riga sun faɗa: garin neman gira akan rasa ido.